Daga AWM ta PUBG zuwa dajin ɓauna: Yadda bindigar magnum ke tunkuɗe mai harba ta

Duk wanda ya daɗe yana buga PUBG Mobile ya san irin rububin da ake yi idan jirgi ya sako akwati daga sama. Abin da kowa ke fatan samu a ciki shi ne AWM, bindigar da ba a tsintar ta a ɗaki ko a gefen hanya, wadda harsashinta guda a ka ke kwantar da ɗan wasa ko da yana sanye da hular kwano mai mataki na uku. Sunan harsashin nata .300 Magnum. Da an danna allo sai hoton ya ɗan yi sama ya dawo, wayar ta yi 'yar girgiza, shi ke nan an wuce wurin.

AWM bindiga ce ta gaske, kamfanin Accuracy International da ke Portsmouth a Ingila ne ya ƙera ta. Shi kuma harsashin, cikakken sunansa .300 Winchester Magnum, an fito da shi ne a Amurka a 1963 domin mafarauta, daga baya sojoji suka ɗauka. Har yau mafi yawan masu harba shi mafarauta ne, kuma abin da suke ji a kafaɗa idan suka ja kunama ya yi nisa da 'yar girgizar waya. Wannan tunkuɗa da bindiga ke yi wa mai riƙe da ita, wadda 'yan wasa ke kira rikoyil, ita ce ta haifar da tarin na'urori da manhajoji, kuma ita ce ke raba wanda ya iya bindigarsa da wanda kawai ya mallake ta.

Mene ne ake nufi da magnum?

Kalmar ta fito ne daga Latin, ma'anarta babba. Turawa sun daɗe suna kiran babbar kwalba mai cin lita ɗaya da rabi da wannan suna, sai maƙeran bindigogi na Ingila suka ara suka laƙaba wa harsashin da kwansonsa ya fi na saura girma. Babban kwanso yana cin albarushi mai yawa, albarushi mai yawa kuma yana ba da damar tura harsashi mai nauyi, ko tura shi da gudun da ya fi na kullum, ko duka biyun.

Wanda ya fi shahara a wannan dangi shi ne .375 H&H Magnum, wanda kamfanin Holland & Holland na birnin Landan ya fitar a 1912. Lambar .375 faɗin harsashin ne a ma'aunin inci, wato milimita 9.5. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma har gobe shi ne ma'aunin da ake gwada sauran harsasan farautar manyan namun daji da shi. Bayan yaƙin duniya na biyu sai Amurkawa suka karɓi ragamar. Roy Weatherby ya buɗe kamfaninsa a California a 1945 bisa ra'ayin cewa gudun harsashi ne kan gaba. Kamfanin Winchester ya fitar da .458 a 1956, da .338 a 1958, sannan .300 a 1963. Remington ta kawo 7mm Magnum a 1962. A can ƙarshen layin akwai .460 Weatherby Magnum, wanda ke tura harsashi mai nauyin giram 32 da gudun kusan mita 790 a daƙiƙa ɗaya.

Lissafin tunkuɗa

Dalilin tunkuɗar yana cikin darasin fiziks na sakandare, wato doka ta uku ta Isaac Newton da ya wallafa a 1687: duk abin da ya tura wani abu, shi ma ana tura shi baya da daidai wannan ƙarfin. Idan albarushi ya kama a cikin kwanson .375, matsin iskar da ke tasowa yana haura ma'aunin psi 60,000. Tayar mota tana ɗaukar 32 ko makamancin haka, wato matsin ya ninka na taya kusan sau dubu biyu. Wannan matsi yana tura harsashi gaba, yana kuma tura bindiga baya a lokaci guda.

Ga yadda lissafin yake. Harsashin .375 da aka fi amfani da shi yana da nauyin giram 19.4, yana fita da gudun kimanin mita 770 a daƙiƙa. A bayansa giram huɗu da rabi na albarushin da ya zama iska mai zafi na fitowa da gudun da ya kusa ninka na harsashin. Idan nauyin bindigar kilo huɗu ne da ɗan ɗoriya, za ta zaburo baya da gudun mita biyar a daƙiƙa, ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin jul 55. Domin mai karatu ya kwatanta, kamar a sako galan mai lita biyar cike da ruwa ne daga tsayin mita ɗaya da 'yan kai, duk nauyinsa ya sauka a kan ɗan wurin da bai fi tafin hannu ba a kafaɗa.

Da irin wannan lissafi, bindiga mai cin harsashin 5.56, irin M416 ta cikin wasa, jul biyar kacal take dukan kafaɗa da shi. Bindigar farauta mai kilo huɗu da ke cin .300 Winchester Magnum tana kai wa jul 35 zuwa 40. Ita kuwa .460 Weatherby, ko da nauyinta ya kai kilo biyar, tana haura jul 130.

Nauyin bindiga yana da babban tasiri a nan. Idan aka ninka nauyinta sau biyu, ƙarfin tunkuɗar yana raguwa da rabi. AWM ta gaske tana da nauyin kilo shida da rabi tun kafin a ɗora mata madubi, saboda haka harsashin .300 a cikinta kimanin jul 23 ne a kafaɗa, kuma galibi a kwance ake harba ta, a kan 'yan ƙafafunta biyu. Mafarauci kuwa yana yini yana tafiya da tasa a kafaɗa, a kan duwatsu ko cikin sarƙaƙiya, don haka yana neman mara nauyi. Sauƙin da ya samu wajen ɗauka shi yake biya lokacin harbi.

Me ya sa ake ɗaukar wannan wahala?

A Arewacin Amurka dalilin shi ne nisa da girman dabba. A jihohi irin su Montana da Wyoming da Colorado ana farautar manyan dabbobi dangin barewa da ke haura kilo 300, sau da yawa daga tsallaken kwari mai faɗin ɗaruruwan mitoci. Harsashi mai gudu ba ya saurin lanƙwasa ƙasa, kuma iska ba ta kaɗa shi sosai. A Alaska kuwa akwai manyan dabbobin beyar da kan juyo kan wanda ya harbe su.

A Afirka maganar ta wuce zaɓi, doka ce. Tanzaniya ta sa .375 a matsayin mafi ƙanƙantar harsashin da za a fuskanci dabbobi masu haɗari da shi. Zimbabuwe ta ce na giwa da ɓauna da dorina dole faɗinsa ya kai milimita 9.2, ƙarfinsa a bakin bindiga ya kai jul 5,300. Namibiya ta sa nata a jul 5,400. Harsashin .375 H&H yana fita da kusan jul 5,800, wato ya tsallake dukkan waɗannan sharuɗɗa. Hikimar dokar a fili take. Namijin ɓauna yana iya haura kilo 700, ga fata mai kauri da haƙarƙari masu faɗi. Idan aka ji masa rauni bai mutu ba yakan shige duhuwa ya laɓe, kuma masu bin sawu, waɗanda galibi mutanen ƙauyukan yankin ne, su ne ke gaba idan aka shiga nemansa.

Ba kowace ƙasa ce ta yarda da wannan farauta ba. Kenya ta haramta ta tun 1977. Botswana ta dakatar da ita a 2014, ta dawo da ita a 2019 bayan koke-koken manoma kan ɓarnar giwaye. A arewacin Kamaru, a yankin Garwa, akwai dazuzzukan da gwamnati ta ware kewaye da gandun dajin Benuwe da Faro da Buba Njida, inda baƙi masu lasisi ke zuwa farauta da irin waɗannan bindigogi. Muhawara tsakanin masu cewa kuɗin farauta na taimaka wa kare daji da masu cewa kashe dabba don nishaɗi bai dace ba har yau ba ta ƙare ba.

Abin da take yi wa jiki

Wani abin mamaki shi ne, tunkuɗar ba ita ce kai tsaye ke sa a kuskure ba. Harsashi yana barin bututun bindiga cikin abin da bai kai kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma a wannan ɗan lokaci bindigar ba ta matsa baya fiye da kimanin milimita uku ba. Mafi yawan dukan yana zuwa ne bayan harsashi ya yi gaba. Abin da ke ɓata saiti shi ne tsoron dukan. Bayan harbi biyar ko goma, jiki yakan koyi cewa jan kunama na tare da zafi da ƙara, sai ya fara kare kansa tun kafin bindiga ta tashi: ido ya rufe, kafaɗa ta tura gaba, yatsa ya fizgi kunama. Mai harbin ba ya sanin yana yi, domin tunkuɗar da ta biyo baya tana rufe komai. A nisan mita 200, motsin bakin bindiga na milimita ɗaya tak yana kai harsashi fiye da taƙi ɗaya daga inda aka nufa. A jikin dabba, wannan ne bambanci tsakanin huhu da ciki, wato tsakanin mutuwa nan take da yini guda na wahala.

Wannan ya sa ƙwararrun jagororin farauta a Afirka suka fi son baƙon da ya zo da .375 da ya saba da ita fiye da wanda ya zo da .460 da yake jin tsoronta. Tarihi ma ya nuna haka. Walter Bell, ɗan ƙasar Sukotland da aka fi sani da Karamojo Bell, ya kashe giwaye fiye da dubu a farkon ƙarni na 20, lokacin cinikin haure, kuma mafi yawansu da ƙaramin harsashin .275 Rigby ya harbe su, saboda ya san daidai inda ƙwaƙwalwar giwa take. Irin wancan kisa yana cikin abubuwan da suka jawo dokokin kare giwaye na yau, kuma harsashin nasa bai cika sharaɗin dokar yanzu ba.

Rauni na biyu a gira yake. Idan mai harbi ya kai idonsa kusa da madubin saiti, bindiga na zaburowa baya sai bakin madubin ya sare shi a saman ido, wani lokaci har sai an yi ɗinki. Shi ya sa madubin da aka ƙera don magnum ke barin tazarar santimita tara zuwa goma tsakaninsa da ido.

Na uku, wanda ba ya warkewa, shi ne kunne. Ƙarar da ta haura desibel 140 tana iya lalata ji a bugu ɗaya. Bindigar magnum tana haura 160, kuma da yake kowane ƙarin desibel goma na nufin ninki goma, wannan ya ninka iyakar sau ɗari. Mai harbi da hannun dama yakan fi rasa jin kunnen hagu, domin shi ne ke fuskantar bakin bindiga, na daman kuma kai da kafaɗa sun ɗan kare shi.

Fasahar rage duka

Hanya mafi tsufa ita ce ƙara nauyi. Wasu na cusa bututun ƙarfe mai ɗauke da zaiba ko ƙwayoyin ƙarfen tungistin a cikin gindin bindiga. Sai matashin roba da ake maƙalawa a gindin, irin na Pachmayr da LimbSaver. Shi ba ya rage jimillar ƙarfin sosai, yana shimfiɗa shi ne a kan lokaci mai ɗan tsawo, sai naushi ya koma turi.

Na'urar da ta fi tasiri ita ce birkin baki, wani ɗan ƙarfe mai ramuka a gefe da ake ɗaurawa a bakin bindiga. Tun da iskar albarushi ce ke kawo kusan kashi ɗaya cikin uku na turin, idan aka karkatar da ita gefe da ɗan baya, tunkuɗar na iya raguwa da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Illarsa ita ce ƙarar da ya kamata ta yi gaba tana dawowa kan mai harbi da na kusa da shi, kuma wannan ne ya sa jagorori da yawa ba sa maraba da shi, domin masu bin sawu na tsaye a gefe kunnuwansu a buɗe. Mazubin rage ƙara, wanda 'yan wasa suka sani da safiresa, yana rage ƙara da tunkuɗa a tare. A Finland da Norway da Birtaniya da New Zealand mafarauta na amfani da shi a matsayin kayan kare lafiya. Sai dai ba ya mayar da bindiga shiru kamar a fim, ƙarar da ta rage har yanzu tana da yawa.

Akwai kuma marufin kunne mai batir, irin na Peltor ko Howard Leight. Yana da makirfo a waje da lasifika a ciki, yana barin maganar mutane da motsin ganye su shiga, amma da ƙara ta haura wajen desibel 82 sai ya datse ta. Wannan daban yake da abin sauraren kiɗa mai kashe hayaniya da ake haɗawa da waya, wanda aka tsara don gurnanin inji ko na jirgi. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa kariyar ji ta AirPods Pro ba ta dace da ƙara mai fashewa irin ta harbin bindiga ba.

Waya a filin harbi

Wayar salula ta zama kayan aikin mai magnum. Manhajoji irin su Applied Ballistics da Hornady 4DOF suna karɓar nauyin harsashi da gudunsa da nisa da yanayin iska, su faɗi yadda za a murɗa madubi. Na'urar Kestrel, mai girman ƙaramar waya, tana auna gudun iska da zafi da matsin sararin samaniya ta aika wa manhajar ta Bluetooth. A 2023 kamfanin Garmin ya fitar da Xero C1 Pro, 'yar na'urar rada da ke shiga aljihu, wadda ake ajiyewa gefen bindiga ta auna gudun kowane harsashi ta tura wa waya. Tsarin BDX na Sig Sauer kuwa yana haɗa ma'aunin nisa mai aiki da hasken leza da madubin saiti, sai wani ɗigon haske ya kunnu a cikin madubin a daidai inda ya kamata a ɗora.

Duk waɗannan lissafin tafiyar harsashi suke yi, ba sa gyara mai harbi. Don wannan akwai MantisX, 'yar na'ura da ake maƙalawa a jikin bindiga, mai ɗauke da irin sensar motsin da ke juya allon waya. Tana zana wa mai ita a waya yadda bakin bindigarsa ya motsa kafin harbi. Hanya mafi araha ma ita ce kyamarar waya: a kafa ta a gefe, a ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya na hoto 240 a daƙiƙa, nan take za a ga ko ido ya rufe kafin bindiga ta tashi. Masu koyarwa kan haɗa wannan da tsohuwar dabara, inda wani zai cusa harsashin bogi a cikin na gaske ba tare da mai harbi ya sani ba. Idan aka zo kan na bogin bindiga ba ta tashi ba amma bakinta ya duƙa, matsalar ta fito fili. Maganinta shi ne yawan atisayen jan kunama babu harsashi, da komawa ƙaramar bindigar .22, da taƙaita harbin magnum zuwa 'yan ƙwaya kaɗan a zama ɗaya, a tsaye bisa sandunan dogarawa, inda jiki ke iya lanƙwasa baya ya sha dukan. A zaune a kan teburi duka ya fi shiga.

Abin da masu ɗaukar bidiyo ke kaucewa shi ne ɗaura waya a jikin bindigar kanta. Kyamarorin zamani na da ƙananan sassa masu motsi da ke hana hoto rawa, kuma tun a 2021 Apple ya yi gargaɗin cewa girgizar injin manyan babura na iya lalata su. Bugun magnum ya fi wannan tsanani, don haka a kan madubin hange mai ƙafafunsa daban ake ɗora waya.

Kuɗi da doka

Mallakar magnum ba ta ƙarewa a ranar saye. Harsashin .375 guda ɗaya yana cin dalolin Amurka, na .22 kuwa 'yan santoci ne. Zafin albarushi yana cinye farkon bututu, ta yadda na .300 Winchester Magnum kan fara rasa saiti bayan harbi dubu ɗaya zuwa biyu, alhali na .308 kan kai dubu biyar. Madubi mai araha ba ya jure bugun, cikinsa yakan kwance. A can sama kuma, bindiga mai baki biyu ƙirar hannu ta Holland & Holland, kamfanin da Beretta ta Italiya ta saya a 2021, tana haura fam dubu ɗari.

A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Irin su adaka da ake ɗura wa albarushi ta baki suna buƙatar izinin kwamishinan 'yan sanda. Bindigogin farauta na zamani suna buƙatar lasisin Sufeto Janar. Rukuni na uku kuwa haramtattu ne sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma a cikin jerin nasu dokar ta ambaci bindigogin soja masu faɗin milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303. Wato faɗin harsashin AWM da ake rububi a kansa a cikin wasa yana cikin jerin da doka ta fi tsanantawa a kai, kuma hukuncin riƙe irin wannan makami ba da lasisi ba ɗauri ne da bai gaza shekara goma ba. Giwayen Yankari da ke jihar Bauchi, waɗanda ke cikin 'yan kaɗan da suka rage a ƙasar, doka ta hana a taɓa su da kowace irin bindiga.